Dorinar da Aka Wanke

Spokane, 8 ga Satumba, 1988

Baffa Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Irma. Na san ba lallai ka gane ni ba. Noreen ce, 'yar Emil ɗan baffanka. Rabona da ku tun ina 'yar shekara shida, lokacin da Baba ya kwashe mu muka taho yamma neman aiki. Abin da na riƙe game da kai shi ne hularka mai ratsi-ratsi, da alewar da ka ba ni a tasha, na sha rabi na shafa rabi a rigar Mama.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai labarin da nake ɗauke da shi ba mai daɗi ba ne. Baba ya rasu a ƙarshen watan jiya. Zuciya ce. A kan kujerarsa na same shi, rediyo na ta magana, kofin gahawarsa a gefe. Likita ya ce bai sha wahala ba, ni kuma na zaɓi in yarda. Mun binne shi kusa da Mama. Mutanen cocinmu sun yi mini kara sosai, amma da aka watse na duba, babu ko mutum ɗaya mai sunan Hruska a wurin sai ni. Ba ni da wa, ba ni da ƙani, auren da na yi kuma bai yi ƙarko ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ina cikin kwashe kayansa na sauko da wani ɗan jirgin ƙasa na wasa da ya daɗe a kan kanta, saman talabijin. Ƙarfe ne, da nauyi, tsawonsa bai fi daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Ya yi baƙi ƙirin da datti, har da tsatsa. Tun da ya shigo gidan nan Baba ya hana ni taɓa shi. In na zo da tsumma sai ya ce, "Ke, wuce da abin nan." Haka yake yi mini a kan kofinsa ma, wanda cikinsa ya koma kamar gindin tukunya, don haka ban ɗauki abin da wata ma'ana ba. A cikin kwalin jirgin na ga adireshinka, shi ne na ce bari in gwada sa'a, ko har yanzu kuna nan.

In naka ne, ko kana so, ka faɗa mini in aiko. In ma ba ka so, ka rubuto mini ko layi biyu ne. Ina son in ji daga wani wanda ya san Baba tun yana da gashi.

'Yarka,
Noreen

Altoona, 19 ga Satumba, 1988

'Yata Noreen,

Na gane ki tun kafin in gama layin farko, don haka ki daina gabatar mini da kanki. Allah ya jiƙan Emil, ya ba ki haƙuri. Gida ɗaya muka tashi da shi, kaka ɗaya ta riƙa jan kunnenmu. Na gode da kika neme ni. Ni lafiya, in ban da gwiwa da ta ƙi, da hannu da ya fara rawa, da wani likita da ba ya son ganin gishiri a gabana.

Gaisuwarki ba ta sami Irma ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Na rubuta wa ubanki, ya aiko da kati, ashe bai gaya miki ba. Halinsa ne, magana tsada take yi masa. Kada ki ji komai.

Yanzu batun jirgi. Na farko, ba na wasa ba ne, kuma kada ki kuskura ki faɗi haka inda tsofaffin garin nan za su ji. Sunanta Dorina. Haka ma'aikatan layin dogo na Pennsylvania suke kiran irin waɗannan kawunan jiragen, saboda ƙaton cikinsu. Ubanki ya yi ƙuruciyarsa yana ciyar da irinta kwal a hawan dutse, shi ya sa muka aika masa da ita lokacin da ya ajiye aiki.

A ɗakin ƙasa na gidana akwai ɗan ƙaramin kwaikwayon garin nan da muka gina a kan tebur, yadda yake a kakar 1952: tasha, gada, tudun kwal, ramin da dogo ya huda cikin dutse, har da gidan su Irma da igiyar shanyarsu. Ni na shimfiɗa dogo, na ja wayar lantarki. Irma ce mai datti. Jirgi yakan zo daga kanti yana ƙyalli, alhali babu wanda ya taɓa ganin jirgin kwal yana ƙyalli. Sai ta zauna da garin alli da ƙananan buroshi, ta sa masa hayaƙi, ta sa masa tsatsa da toka, kowanne inda ya dace. Dorina kaɗai ta ci mata sanyin shekara guda. Ta ƙi yarda a fesa maganin da ke riƙe allin, ta ce yana kashe launi. Shekara guda bayan rasuwarta aka yi ruwan da ya cika ɗakin har saman tebur. Abokaina sun gyara injunan sun tashi, amma aikinta duk ya bi ruwa. Wadda ke hannunki ita ce kaɗai ta rage a duniya da hannun Irma a jikinta.

Ga roƙona. An sa gidan nan a kasuwa. A watan Afrilu zan koma gidan tsofaffi na coci, ɗaki ɗaya, babu matakala. Asabar ta farko a watan, ni da abokaina za mu yi tuƙin ƙarshe, sannan a wargaza garin. Ina so Dorina ta ja kwal ranar. Ina so in ga aikin matata yana tafiya a kan dogo ko sau ɗaya ne.

Ki ɗauke ta ta ƙafafu. Kada ki goge, kada ki hura, kada ki naɗe ta da tsumma. Ki sa ta a kwalinta yadda take. Dattin nan shi nake jira.

Baffanki,
Wendell

Spokane, 20 ga Satumba, 1988

Baffa Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Amsarka ba ta iso ba tukuna, amma ni ba na iya zama haka kawai, musamman yanzu da gidan ya yi shiru. Na yanke shawara jirgin nan naka ne ko ka ce ko ba ka ce ba, kuma yau na kai shi gidan waya.

Sai dai ban yarda ya zo maka yadda Baba ya bar shi ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ban gaya maka aikina ba: a asibitin haƙori nake, ni ce mai wanke wa mutane haƙora kafin likita ya duba. Duk wani datti da ya maƙale a lungu, ni da shi mun san juna. Ranar Lahadi bayan coci na shimfiɗa tawul a teburin kicin, na kawo ruwan ɗumi da sabulun kwano, da buroshi mai laushi, da ɗan tsinken ƙarfen da nake aiki da shi. Kada ka damu, ban bari ruwa ya shiga injin ba. Na yi ta canza ruwa yana komawa baƙi. Akwai wani farin zane da ya gangaro daga samansa, da wata tsatsa a bayan ƙafafu, su suka ɗan ja ni, amma dai sun fita. Sai ga rubutu ya bayyana a gefe, ruwan zinariya, ga lamba, ga ƙananan bututu da ban taɓa sanin suna nan ba. Yini guda na yi a kai, ko abinci ban ci ba, kuma tun rasuwar Baba ban ji daɗin wani yini kamar wannan ba.

Za ka gan shi kamar yau aka ƙera. Ka ce wa Gwaggo Irma ta samo masa wuri mai tsabta, kada ya sake komawa yadda yake.

'Yarka,
Noreen

Spokane, 26 ga Satumba, 1988

Baffa,

Wasiƙarka ta zo yau. A tsaye na karanta ta bakin akwatin wasiƙu, sai da na zauna a kan matakala. Na je gidan waya ko za a iya tsayar da kwalin, suka ce ya yi nisa. Ko da sun tsayar ma, me zai gyara?

Ban san me zan ce maka ba. Na zubar da aikin Gwaggo Irma a magudanar kicin, ina murna. Na kuma aika mata saƙo alhali ba ta da rai. Baba ya yi shekaru yana kare abin nan daga hannuna, bai yi wata guda a ƙasa ba na gama da shi. Ka yafe mini in za ka iya.

Noreen

Spokane, 14 ga Nuwamba, 1988

Baffa Wendell,

Da fatan kana lafiya, gwiwar kuma da sauƙi. Na sami katinka tun farkon watan jiya, mai cewa, "Kaya sun iso. W." Na juya shi gaba da baya ban ga ƙari ba. Na gane. Da ni ce kai, ko wannan ɗin ba zan rubuta ba.

Ba neman amsa nake yi ba. Ina so kawai ka san cewa na gode da wasiƙarka ta farko. A cikinta na fara jin cewa Baba ya taɓa zama saurayi mai hawan dutse da jirgi. Shi bai taɓa ba ni labari ba. Zan ajiye ta. Ba zan ƙara damunka da wasiƙu ba, amma in sanyi ya yi tsanani ka nemi wanda zai share maka ƙanƙara a ƙofa, kada ka yi da kanka.

Noreen

Altoona, 3 ga Disamba, 1988

Noreen,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan yadda take, yaron maƙwabta kuma ba ya share ƙanƙara sai ya gama barcinsa. Wane ne ya ce miki ki daina rubutu? Ku 'yan gidan Emil, mutum ya yi shiru kaɗan sai ku haɗa kayanku. Katin nan ba sallama ba ce. Iyakar abin da na iya rubutawa ke nan ranar ba tare da na faɗi abin da zan yi nadama ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi, na kuma yi kuka, a shekaruna. Na buɗe kwalin a teburin kicin na bar Dorina nan, na riƙa cin abinci a falo don kada in gan ta. Abokina Leland ya shigo, ya ɗauke ta ya ce, "Wendell, kai da za ka tashi, sabuwa ka sayo kuma?" Saura kaɗan in jefe shi da butar shayi.

Ranar Bikin Godiya na dawo daga cin abinci a coci, na zauna a gabanta don na gaji da gudunta. Na daɗe ina kallo. Rabon da in gan ta haka tun ranar da na kawo ta gida, Irma ta leƙo ta ce, "Wannan ai amarya ce, ba dorina ba. Miƙo ta nan." Na manta da wannan ranar sam, sai da kika wanke ta ta dawo mini. Na kuma duba aikinki da gilashin ƙara girma. Ko bututu ɗaya ba ki lanƙwasa ba, ko harafi ɗaya ba ki kankare ba. Ɓarna kika yi, amma ban taɓa ganin ɓarnar da aka yi da kulawa irin wannan ba. Sai na tuna kin ce ko abinci ba ki ci ba. Tun da Irma ta tafi, babu wanda ya ɓata yini guda a kan wani abu don kawai ya faranta mini rai. Na gode da wannan, da gaske nake.

To amma godiya ba za ta ja kwal ba. Ba zan sa amarya a gaban taragu ranar ƙarshe ba. Ni hannuna ko cokalin miya ba ya kaiwa baki cike. Leland kuwa in ya riƙe buroshi, fentin shinge yake yi. Ke ce mai hannun da ke aiki a bakin mutane ba ya rawa. Saboda haka na mayar miki da Dorina, tana hanya. A cikin kwalin akwai gwangwanin allin Irma, da buroshinta, da takardar da take goga allin a kai ya zama gari, da wasu tsofaffin taragu da za ki koya a kansu. Kada ki taɓa Dorina sai na ce.

Ke kika wanke, ke za ki ɓata. Kina da daga yanzu zuwa ƙarshen Maris.

Baffanki,
Wendell

Spokane, 15 ga Janairu, 1989

Baffa Wendell,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina lafiya, in ban da mura da ta kama ni, kuma laifinka ne, za ka ji dalili.

Da na karanta wasiƙarka na yi dariya na yi kuka a haɗe. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Gwangwanin kuwa na yi kwanaki ban iya buɗe shi ba. Da na buɗe na ga sandunan allin duk sun cinye ta gefe ɗaya, sai na gane Gwaggo bahaguwa ce. Ni ma haka.

Na fara da taragun. Baffa, abin da wuya. Hannuna ya saba da cirewa, in na sa baƙi kaɗan sai in ji yatsuna suna neman auduga. Na ga zama a kicin ba zai koya mini ba, sai na riƙa zuwa gadar da ke saman filin jiragen kaya ranar Lahadi, da gahawa a gora, ina kallon taragu. Can na kwaso murar. Wani mai gadi ya gaji da ganina ya hauro ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Wani kike jira?" Na ce tsatsa nake kallo. Ya dube ni ya ce, "To, tana da yawa, ki kalla a hankali," ya sauka yana waiwaye. A wurin aiki ma na zama abin tsokana. Likitanmu ya ga ƙumbana ya ce in ba zan sa safar hannu biyu ba, in koma gareji.

Na gano tsatsa ba ta zama ko'ina. Daga kan ƙusa take farawa ta gangaro, inda ruwa ya bi. Amma jiragen nan duk na dizal ne, ban taɓa ganin mai kwal yana tafiya ba, ko na gani ina yarinya na manta. Ga taragu biyu na aiko ka duba. Ka faɗa mini gaskiya.

'Yarka,
Noreen

Altoona, 2 ga Fabrairu, 1989

'Yata,

Sannu da mura. Ki sha miyar kaza, ki sa hula. Ni ma na kwanta kwana biyu amma na tashi, kada ki fara.

Kin nemi gaskiya. Jan taragon kamar ya faɗa tukunyar miya aka tsamo shi. Na nuna wa Leland ya ce, "Wannan gobara aka yi a kamfanin?" Baƙin kuwa da dama-dama. Tsatsar da ke gangarowa daga ƙusoshi ta yi daidai, ban koya miki ba kika gano, mai gadin nan bai yi asarar haƙurinsa ba.

Kuskurenki shi ne kina shafawa ta gefe. Hayaƙi ba shafa shi ake yi ba, sauka yake yi. Irma ta san haka tun tana ƙarama, don bayan gidansu dogo ne. In ta ji jirgi ya fara nishi a gindin dutse, uwarta za ta ƙwala mata kira, ta ruga ta kwashe shanya kafin ya iso. In ta makara, a sake wanki, ta kuma sha faɗa. Ta tsani hayaƙin nan fiye da kowa a garin, shi ya sa ta san shi. Takan ce daga sama yake zubowa, yana komawa baya. Don haka ki riƙe buroshin a sama, ki ɗan buga shi da yatsa, garin ya zuba da kansa: da yawa a bayan bututun hayaƙi, yana raguwa har kan rufin direba. A ƙasa, wajen murhu, toka ce, fara-fara. Ƙafafu ƙura ce mai ruwan ƙasa. Farin zanen da ya ba ki wahala, ruwan tukunyar tururin jirgin ne da ke tsiyaya ya bushe. Siriri ne, kada ki cika shi.

Abu na ƙarshe. Ƙarfen da ke gefen ƙofa, wanda ake kamawa a hau, kada ki sa masa komai. Nan kaɗai ne ke ƙyalli a jikin dorina, don hannun irin su ubanki yana goge shi kullum.

Ki fara Dorina.

Wendell

Spokane, 19 ga Maris, 1989

Baffa,

Gaisuwa, da fatan haɗa kaya bai karya ka ba. Ka bar su Leland su ɗauki masu nauyi.

Dorina ta taho jiya. Ta ƙafafu na ɗauke ta, ban hura ba, ban goge ba, ban fesa komai ba. Na roƙi mutumin gidan waya ya yi a hankali har ya ce, "Ƙwai ne a ciki?" Na ce ya fi.

Na nemi hutu don in zo, ba a ba ni ba, abokiyar aikina ta haihu. Wataƙila hakan ya fi, don ba zan iya tsayawa ina kallon fuskarka lokacin da za ka buɗe ba. Na san ba aikin Gwaggo ba ne. Ba ni da hoton Dorina yadda take a da, sai abin da idona ya riƙe daga kan kanta, kuma a lokacin datti kawai nake gani. In ba ta yi ba, kada ka sa ta don jin kunyata. Ka ja kwal ɗin da wani jirgin.

Ƙarfen ƙofar na bar shi. Shi ne wurin da ya fi ba ni wahala, ko da yake babu abin da na yi masa. Na daɗe zaune ina kallonsa ina tunanin hannun Baba. Na gode da ka ba ni wannan.

'Yarka,
Noreen

Altoona, 4 ga Afrilu, 1989

'Yata Noreen,

Ina gaishe ki daga cikin kwalaye. Jibi zan tashi. Lafiyata ƙalau, sai gajiya. Dorina ta iso lafiya, kuma ban buɗe ta ba sai ranar, don ni ma tsoro nake ji, ba ke kaɗai ba.

Mun taru da rana, mu shida. Matar Leland ta aiko da taliya da kabeji, abokinmu Kazimir ya kawo giya da likitansa bai sani ba. Kowa ya kama wurinsa yadda muka saba. Leland ya ɗauki jirgin fasinja ya kuma makara kamar kullum, Kazimir yana ta yi masa tsiya, "Ko a tebur ba ka iya zuwa kan lokaci ba, ina ga coci." Aka kai madara, aka kai wasiƙu, aka sauke katako a bayan tasha. Jirgin kwal ne na ƙarshe.

Na ba Kazimir kwalin na ce ya ɗora ta a bayan dutse inda ba na gani, ya haɗa mata taragu. Ya daɗe a can. Na ce, "Yaya dai?" Ya ce, "Kai dai tuƙa." Na murɗa wuta a hankali. Na ji ta tana tahowa cikin ramin, sannan fitilarta, sannan ta fito.

Bari in gaya miki gaskiya, tunda kin saba nema. Ba irin ta Irma ba ce. Tsatsar gefen hagu ta yi yawa, farin zanen kuma kin ji tsoronsa, da kyar ake ganinsa. Amma duk wannan daga baya na gani, da gilashi. A lokacin abin da na gani shi ne dorina ta fito daga dutse da hayaƙi kwance a bayanta, ta gaji, ta yi aiki, ta bi ta bayan gidan nan mai igiyar shanya. Ban san lokacin da na juya wajen matakala na ɗaga murya ba. Na ce, "Irma, sauko ki ga wannan."

Leland ya cire gilashinsa yana gogewa da riga. Ni kuma na tsaya da hannu a kan makunnin, ban tsayar da ita ba, har ta kai kwal ɗin tasha.

Washegari suka zo da zarto don wargaza garin. Ban sauka ba.

Noreen, shekara huɗu ina cikin gidan nan ina tunanin matata, amma ban taɓa kiran sunanta da ƙarfi ba, don na san babu mai amsawa. Ranar Asabar na manta da haka na ɗan lokaci, na kira ta kamar tana sama tana wanke kwanuka. Ban zaci zan sake samun wannan ba kafin in bar gidan. Ke kika ba ni. Na gode, 'yata.

Baffanki,
Wendell